JAWABIN MAGATAKARDAN LIMAN A WAJEN AZA HARSASHIN MASALLACI DA ZAUREN JAMA'A A DAWANAU



Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raya mu har muka ga wannan rana. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ina gaida wakilin Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, da Dagaci da masu unguwanni. Ina gaida Malam Liman, Allah ya gafarta Malam, da na'ibansa da sauran malamai. Ina gaida shugabannin kasuwa, da fatake da dillalai da 'yan dako, da manoma, da iyayenmu mata waɗanda ke sauraro daga rumfarsu, da dukkan baƙin da suka baro harkokinsu suka zo taya mu murna. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Malam ya umarce ni da in tsaya in karanta muku bayanin shawarar da kwamitin gini ya yanke. Ni ɗan alƙalami ne kawai. Abin da aka tattauna a gabana shi na rubuta, shi ne kuma zan faɗa. Game da masallaci kansa ba a sami mutum biyu da suka saɓa ba. Inda aka daɗe ana kai da komowa shi ne zauren jama'a da ake nufin ginawa a gefensa, kuma a kan abu uku aka yi ta muhawara: ko akwai bukatarsa, da yadda za a tsare filinsa, da inda kuɗinsa za su fito. Da yake da dukiyarku za a yi aikin, wajibi ne ku ji hujjar kowane ɗaya.

Na farko, batun bukata. Waɗansu dattawa sun ce masallaci ya wadatar, gama a cikinsa iyayenmu suka yi ta taruwa. Maganarsu tana da tushe, amma fa a tuna masallaci yana da hurumi wanda shari'a ta gindaya masa. Ba a ciniki a cikinsa, ba a cigiyar abin da ya ɓata, ba a ɗaga murya da zancen duniya. Mace mai uzuri ba ta zama a ciki, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya an karhanta shigar da gawa masallaci don yi mata salla. Ga shi kuwa jama'a ba ta rabuwa da sha'anin da ke bukatar inuwa da tabarma: sulhu tsakanin maƙwabta a kan iyakar gona, rabon gado, zaman ta'aziyya, karatun matan aure da yamma, yaƙi da jahilci na manya, taron manoma idan taki ya zo. In aka kai waɗannan cikin masallaci an keta masa alfarma, in kuwa aka bar su a gindin bishiya, damina ta zo ta watse su.

Ba kuwa mu muka fara wannan tunani ba. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya keɓe wani fili a gefen masallacin Madina, ana ce da shi Buɗaiha, ya umarci mai son hira ko rera waƙa ko ɗaga murya ya fita can. Watau tun zamanin Sahabbai an san cewa masallaci yana bukatar maƙwabci wanda zai ɗauke masa hayaniya. Da Malam ya karanto wannan a wajen shawara, sai masu ja suka sakar.

Na biyu, batun fili, shi ne kuwa mafi nauyi. Kowa a nan ya san halin ƙasarmu. Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da mutane suka fi cunkushewa a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Ba a barin gona ta huta, kowace shekara sai an nome ta, da taki ake riƙe ta, har a da da jakuna ake ɗauko shi daga birni. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki sun raba shi kunya-kunya. Sa'an nan tun da kasuwar hatsi ta kafu a Dawanau a tsakiyar shekarun 1980, ta bunƙasa har fatake ke zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru, ana lodin wake da gero da dawa da riɗi da zoɓo, sai gonakin da ke bakin hanyar Katsina suka zama wuraren gina ɗakunan ajiya da shaguna. Filin da ake bayarwa kyauta jiya don ba a ɗauke shi bakin komai ba, yau dukiya ce mai tsoka. Inda dukiya take kuwa, nan shari'a take.

Saboda haka da wani bawan Allah ya ce a yi amfani da filinsa aro har abin da hali ya yi, kwamiti ya yi masa godiya, amma bai karɓa ba. Zanen aro ba ya rufe katara. A cikin aikina na rubuta wa Malam takardu na taɓa bin sa sulhu wani ƙauye, ba sai na ambaci suna ba, inda wani dattijo ya ba da fili da baki aka yi makarantar allo. Shekaru suka shuɗe, dattijon ya rasu, shaidun biyu su ma suka bi shi. Da magada suka zo rabo, ba wanda ya iya fito da ko guntuwar takarda, kuma su magadan ba ƙarya suka yi ba, abin da suka sani ke nan, fili na ubansu ne. Aka yi ta jayayya har zumunci ya ɓaci, daga bisani yara suka koma karatu a soron wani. Ba mugun mutum ko ɗaya a cikin wannan labari, sakaci ne kawai. Tun ran gini ran zane.

Abin koyi a nan shi ne abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sa'ad da ya isa Madina a shekarar hijira, wadda ta yi daidai da 622 ta Miladiyya. Wurin da taguwarsa ta durƙusa mashanyar dabino ce ta waɗansu marayu biyu, Sahlu da Suhailu. Suka ce sun ba shi kyauta, ya ƙi karɓa sai da aka saya aka biya, kana aka aza harsashi. In har masallacin da ya fi kowane daraja bayan na Makka sai da aka tsarkake asalin filinsa, ina ga namu?

To, hanyar da shari'a ta shimfiɗa don irin wannan ita ce hubusi, wanda ake kuma kira waƙafi. Asalinsa sananne ne. Sayyidina Umar ya sami gona a Haibara wadda bai taɓa mallakar kamarta ba, ya nemi shawarar Manzon Allah, aka nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Haka Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Amma akwai wani sharaɗi a fiƙihun Malikiyya wanda mutane da yawa ke gafala da shi, ina roƙon a buɗe kunne. Hubusi ba ya cika sai an karɓe shi daga hannun mai bayarwa, abin da malamai ke kira hauzi. In mutum ya furta cewa ya yi hubusi da filinsa, amma ya ci gaba da riƙe shi har ya mutu, ko bashi ya cinye dukiyarsa, ko ciwon ajali ya kwantar da shi, to, wannan furuci bai hana magada ko masu bin bashi haƙƙinsu ba. Don haka ne kwamiti ya nace a kan abu huɗu: a tabbatar mai bayarwa shi ne mai fili shi kaɗai, in kuwa na gado ne kowane magaji, namiji da mace, ya yarda da bakinsa, a rubuta takardar hubusi da ajami da boko a gaban shaidu adilai da Mai unguwa da Dagaci, a kira maƙwabta na kusurwa huɗu a kafa alamun iyaka a gabansu, sa'an nan a karɓe filin a fara aiki a cikinsa mai bayarwa yana raye yana gani. Kada kowa ya ɗauki rubutu rashin yarda ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, alhali kuwa Sahabbai aka fara yi wa magana.

Bayan takardar shari'a akwai ta hukuma, ita ma ba abin rainawa ba ce. Tun da aka kafa Dokar Filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna ne bisa amana, abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani. A cikin birane Gwamna ke ba da takardar shaida, a karkara kuwa Ƙaramar Hukuma ce ke ba da izni na gargajiya, kuma sauya hannu yana bukatar yardar hukuma. Dokar ta ba Gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyya kuwa galibi a kan abin da aka gina ko aka shuka take. Ke nan filin da aka bari fayau ba takarda ba gini, shi ya fi kowane rauni. Saboda haka za a kira safiyo ya auna, a bi ta Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa da ofishin filaye na jiha, a kuma kai taswirar gini hukumar tsara birane don ta amince. Za a kuma sanar da Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2003, domin sunan wannan hubusi ya shiga littafinta.

Sai tambayar da ta fi ɗaukar lokaci: da sunan wa za a rubuta takardar? Waɗansu suka ce da sunan Malam. Malam da kansa ya ce a'a, ya ce shi mai mutuwa ne, yana da 'ya'ya, ba ya so ya bar musu fitina. Aka tsaya a kan a zaɓi amintattu biyar, a yi musu rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, bisa dokar kamfanoni ta 2020. Amfanin wannan shi ne amintattun su zama jiki ɗaya mai suna na kansa, wanda zai iya riƙe fili da asusun banki. In ɗaya ya rasu a naɗa wani, takarda tana nan yadda take. Dokar ta ce sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, kuma a riƙa kai rahoto kowace shekara. Akwai ɗawainiya da kashe kuɗi a ciki, ba mu ɓoye muku ba, amma rigakafi ya fi magani.

Na uku, batun kuɗi. Hanyoyi huɗu aka shimfiɗa a gaban kwamiti.

Hanya ta farko ita ce a nemi mutum ɗaya mai hali, attajiri ko mai riƙe da muƙami, ya ɗauki nauyin ginin dukansa. Wannan ita ce mafi sauri, kuma Allah ya albarkaci wannan yanki da masu hannu da shuni masu son alheri, ga su nan zaune. Amma an duba an ga kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Zauren da mutum ɗaya ya gina, ko shi bai nema ba, mutane za su riƙa kiransa da sunansa, ranar da kuwa ya zama shi ne ɗaya daga cikin masu husuma, wa zai yarda a yi sulhu a ciki? In kuma mai siyasa ne, rabin gari sun ƙaurace ke nan. Kwamiti ya ce ƙofa a buɗe take ga mai dubu da mai miliyan, amma da sharaɗi ɗaya: abin da aka bayar ya fita daga hannu, ba ya sayen kujera, ba ya sayen mabuɗi.

Hanya ta biyu rance. Wanda ke da ruwa a kansa ba a ma tsaya tattauna shi ba, riba ce, ba a aza ɗakin alheri a kanta. Wanda ba shi da ruwa halal ne, sai dai zaure ba kanti ba ne da zai biya bashi, kuma filin hubusi ba a jinginar da shi. Aka ajiye wannan.

Hanya ta uku zakka. Mutane da yawa sun tambaya ko za su iya kawo zakkar hatsinsu. Amsar Malam ita ce a'a. Allah ya ƙididdige masu cin zakka kashi takwas a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma a wajen malaman mazhabarmu gini ba ya cikinsu. Ushurin gero da dawa haƙƙin matalauta ne da miskinai. Kada mu cire daga bakin maraya mu zuba a bango.

Saura hanya ta huɗu, ita ce aka zaɓa, watau hannu da yawa. Da yayyafi kogi kan cika. Manomi idan kaka ta yi, bayan ya fitar da zakka, ya ware abin da ya sawwaƙa, dami ko tiya. Ɗan kasuwa ya yanka wa kansa wani abu a kan kowace mota da ya yi lodi. Mai albashi ya ɗauki alkawarin wata-wata gwargwadon ƙarfinsa. Iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli da fura da kiwon awaki, an tanadar musu mai karɓa mace, da littafinsu dabam. Wanda ba shi da ko sisi yana da ƙarfi: haƙar harsashi, ɗebo ruwa, ɗaukar bulo, duk za a yi su da gayya, kuma za a rubuta sunan mai gayya a littafi ɗaya da mai kuɗi. Magina da kafintoci da masu walda na cikinmu sun ce za su sadaukar da waɗansu kwanaki. Ba a ɗora wa kowa tilas ba, ba kuwa za a karanta sunan wanda bai bayar ba.

Ga ƙa'idodin riƙon amana waɗanda aka amince da su. Asusun masallaci dabam, na zaure dabam, domin abin da mutum ya bayar da niyyar masallaci ba ya halatta a karkatar da shi, sharaɗin mai hubusi abin kiyayewa ne. In hannu ya gaza, masallaci ne gaba. Ba za a ajiye kuɗi a gidan kowa ba; wahalar canjin takardun Naira a farkon 2023 ta ishe mu darasi. Za a buɗe asusu a bankin da ba ya harka da ruwa, irin waɗanda suka fara aiki a ƙasar nan da bankin Jaiz a 2012, kuma ba a fitar da ko kwabo sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu. Mai karɓa ba shi ne mai ajiya ba, mai ajiya ba shi ne mai saye ba. Kowace gudummawa da rasit. Juma'ar farko ta kowane wata za a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a kuma manna a bango.

Haka nan ba za a bar kuɗi su kwanta ba. Kun ga yadda kaya suka yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, har siminti da rodi suka nemi gagarar mai gini a farkon 2024. Kuɗin da ke sayen buhu goma yau, ba mai tabbacin za su sayi takwas baɗi. Don haka da abu ya taru za a mai da shi kaya: rodi da kwano suna jure ajiya, siminti kuwa ba ya jurewa, sai a buga bulo da shi nan da nan. Hatsin gudummawa za a sayar a kan farashin ranar, ba za a ɓoye shi ana jiran tsada ba. Ginin kuma mataki-mataki za a yi shi: katanga da rijiya, sa'an nan harsashi zuwa linta, sa'an nan rufi. Ba a fara mataki sai kuɗinsa sun kammala. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Gini ba ya ƙarewa ranar buɗewa. Kwano zai yi yoyo, tabarmi za su tsufa, mai shara da mai gadi suna da haƙƙi. Gine-ginen jama'a da yawa ba rashin mai ginawa ya kashe su ba, rashin mai gyara ne. Saboda haka aka shawarta a fitar da 'yan shaguna a jikin katanga ta wajen hanya, su ma hubusi, kuɗin hayarsu ya tsaya kan gyara da ɗawainiya, kamar dai gonar Haibara, asali a tsare, amfani yana gudana. Zaman sulhu da ta'aziyya da karatu kyauta ne har abada. Mai walima ko taron sana'a ya ba da ɗan abin shara. Taron jam'iyya kuwa, kowace iri ce, an ce a yi haƙuri a nemi wani wuri.

Jama'a, wannan ita ce shawarar kwamiti, amma ba ta zama hukunci ba sai kun yarda. Malam ya ce a bar littafi a buɗe har Juma'a biyu masu zuwa. Duk mai gyara, ko mai da'awar wani haƙƙi a cikin wannan fili, ko na gado ko na iyaka ko na bashi, don girman Allah ya fito yanzu ya faɗa, ba wanda zai ga baƙinsa. Gara mu ji a yau bulo yana ƙasa, da 'ya'yanmu su ji a gaban alƙali bayan ba mu.

Ina roƙon Allah ya karɓi wannan aiki, ya tsarkake niyyarmu daga riya, ya sa albarka a dukiyar wanda ya bayar da ƙarfin wanda ya yi gayya. Allah ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya taimaki shugabanninmu a kan gaskiya. Wanda ya ga harsashi, Allah ya nuna masa rufi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ina neman gafararsa da afuwarku.